Minsharin Yara da Ɗaukewar Numfashi a Barci: Me Binciken Likitoci Ya Tabbatar, Kuma Yaushe Ake Buƙatar Tiyata?

Shin yaron da yake minshari kowane dare lafiyarsa ƙalau, ko kuwa akwai abin da ke damunsa wanda ya kamata a kai shi asibiti a kansa? Idan kuma likita ya ce a cire masa lauz da lahmiyya, wato tsokokin maƙogwaro da na bayan hanci, a amince ko a dakata? Waɗannan tambayoyi suna yawan tasowa a tsakanin iyaye a unguwanninmu na Makka da Jidda da Madina, musamman idan sanyi ya shigo ko bayan an watse daga aikin Hajji, lokacin da mura da tari suke bin gida gida. Amsoshin da ake ji kuwa sun sha bamban. Kakanni sukan ce minshari gado ne, haka mahaifin yaron yake tun yana ƙarami, kuma alama ce ta barci mai nauyi. Wasu suna tura saƙonni a WhatsApp cewa masu bincike a ƙasashen Turawa sun gano aikin lauz ba shi da amfani, har ma yana karya garkuwar jikin yaro. Akwai kuma iyayen da suke ganin da zarar an yi aikin to magana ta ƙare. Kowane ɓangare ya kama wani yanki na abin da aka gano, amma ya saki sauran, kuma sauran da aka saki ne yake nuna wane yaro zai iya jira, wane ne kuma jiran zai cutar.

Abin da ke faruwa a maƙogwaron yaro idan ya yi barci

Lauz tsoka ce guda biyu da ke gefe da gefen maƙogwaro, ana iya hango su idan yaro ya wangale baki. Lahmiyya kuma tana can bayan hanci, inda ba a ganinta sai da na'ura ko hoton asibiti. Dukkansu suna cikin sassan jikin da ke tare ƙwayoyin cuta, kuma suna girma da sauri tsakanin shekara 2 zuwa 8, a daidai lokacin da hanyar iskar yaro take ƙarama. Da rana, jijiyoyin naman maƙogwaro suna riƙe hanyar a buɗe. Idan barci ya yi nisa sai su saki, hanyar ta tsuke, iska ta riƙa kutsawa da ƙyar tana kaɗa naman da ke wurin, wannan kaɗawar ita ce minshari.

A wasu yaran tsukewar takan kai ga toshewa gaba ɗaya ko kusan haka, kamar tiyon ruwa da aka taka. Ƙirji da ciki suna ci gaba da ƙoƙarin jan numfashi amma iska ba ta shiga, iskar oksijin da ke cikin jini ta fara raguwa, gurɓatacciyar iskar da ya kamata a fitar ta taru, har sai ƙwaƙwalwa ta farkar da yaron na ɗan lokaci kaɗan, ya ja numfashi da ƙarfi, ya juya, ya koma barci. Da safe ba zai tuna komai ba, alhali abin yana iya maimaituwa sau da yawa a cikin kowace awa. Wannan shi ne ɗaukewar numfashi a barci ta hanyar toshewa. Likita Christian Guilleminault da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford ta Amurka ne suka fara bayyana shi dalla-dalla a jikin yara a shekarar 1976, cikin rahoton da suka yi a kan yara 8.

Ba duk mai minshari ne yake da wannan larura ba. Kusan yaro 1 cikin 10 yana minshari a kai a kai, amma Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka, a ƙa'idojin da ta fitar a 2012, ta ƙiyasta masu ainihin ɗaukewar numfashi da kimanin kashi 1 zuwa 5 cikin 100. A nan Saudiyya, wani bincike da aka buga a 2019 a kan ɗaliban firamare 1,350 a Riyad ya samu kashi 21 cikin 100 suna cikin rukunin da ake zargin suna da matsalar numfashi a barci. Sai dai takardar tambayoyi ce iyaye suka cike, ba gwajin asibiti aka yi wa yaran ba, don haka adadin yana nuna yawan waɗanda ya kamata a duba ne.

Alamomin da ake yi wa mummunar fahimta

Da dare, abin lura shi ne minsharin da yake kaiwa dare 3 ko fiye a mako ba tare da mura ba, da shirun da ke katse minsharin sannan a ji yaro ya yi gurnani ya ja iska, da barci baki buɗe, da yawan juye-juye, da kwanciya wuya a lanƙwashe ta baya, da jiƙewa da gumi ko da na'urar sanyaya ɗaki tana aiki. Fitsarin kwance ma yana ciki, musamman ga yaron da ya riga ya daina sannan ya dawo yana yi.

Alamomin rana su ne suka fi ruɗar iyaye. Babban mutum da ba ya samun isasshen barci gyangyaɗi yake yi, amma ƙaramin yaro sau da yawa ƙiriniya yake ƙarawa: ba ya zama wuri ɗaya, ba ya sauraro, ga saurin fushi da kuka, ga ciwon kai da sassafe. Wani kuma ba ya ƙiba ba ya tsawo yadda ya kamata, saboda ƙarfin da yake kashewa wajen jan numfashi, da wahalar haɗiyar abinci, da kuma katsewar barci mai zurfi wanda a cikinsa ne jiki ya fi fitar da sinadarin girma. Abin da ya fi damuna a nan shi ne yaron da ake tsawatawa, wani lokacin har a kai masa hannu, a makarantar boko ko a halƙar haddar Alƙur'ani, ana ce masa malalaci ko marar ji, alhali ya kwana yana kokawa da numfashinsa.

A 1998 Likita David Gozal ya gwada yara 297 'yan aji ɗaya waɗanda suke can ƙarshen ajinsu a sakamakon jarrabawa, a Amurka. Ya samu 54 daga cikinsu, wato kusan kashi 18 cikin 100, suna da matsalar iska a jini lokacin barci. An yi wa 24 tiyata, iyayen 30 kuma ba su nemi magani ba. A shekarar da ta biyo baya sakamakon waɗanda aka yi wa aikin ya ɗaga, na sauran bai motsa ba. Wannan bincike ne ya sa mutane da yawa suka ɗauka cewa tiyata tana gyara karatun yaro, kuma shi ne ya share fagen manyan gwaje-gwajen da suka zo daga baya.

Idan larurar ta yi tsanani kuma ta daɗe, tana iya ɗaga hawan jini, ta kuma matsa wa ɓangaren dama na zuciya da jijiyoyin jinin huhu.

Yadda ake tabbatarwa

Girman lauz da likita yake gani da rana ba ya isa ya nuna tsananin abin da ke faruwa da dare. Hanyar da ta fi inganci ita ce gwajin barci, inda yaro yake kwana a asibiti tare da mahaifiyarsa ko mahaifinsa, a manna masa wayoyi masu auna motsin ƙwaƙwalwa, da bugun zuciya, da iskar da ke shiga hanci, da motsin ƙirji da ciki, da oksijin na jini. Babu allura kuma babu zafi. Daga nan ake lissafa sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu a kowace awa. Ma'aunin yara ya fi na manya tsauri: ga babba sai an kai 5 a awa ake kiransa ciwo, ga yaro kuwa daga 1 ake fara lissafi. Daga 1 zuwa 5 mai sauƙi ne, daga 5 zuwa 10 matsakaici, abin da ya haura 10 kuma mai tsanani.

Matsalar ita ce gadajen wannan gwaji, musamman na yara, ba su da yawa, a Saudiyya da ma ƙasashen da suka fi ta yawan likitoci. Cibiyar cututtukan barci ta Jami'ar Sarki Sa'ud a Riyad, inda Farfesa Ahmed BaHammam ya shafe shekaru yana aiki, ta sha nuna cewa ayyukan wannan fanni ba su kai yawan masu buƙata ba. Saboda haka yawancin yara ana yanke musu hukunci ne da bayanin iyaye da duban likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Shi ya sa ɗaukar bidiyon yaro da waya yake da amfani ƙwarai: minti biyu ko uku yana cikin barci mai nisa, ƙirji a buɗe, a ɗauka da sauti, zai gaya wa likita abin da dogon bayani ba zai iya ba.

Wani lokaci akan wadatu da 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa ta kwana tana auna oksijin. Idan ta nuna faɗuwar iska a kai a kai, shaida ce mai ƙarfi, amma idan ba ta nuna komai ba, hakan bai wanke yaron ba. Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Na'urar tana aiki ne da hasken da ke ratsa fata, kuma wani bincike da aka buga a ƙarshen 2020 daga Jami'ar Michigan ya nuna cewa a jikin baƙaƙen fata tana ɓoye ƙarancin oksijin kusan ninki uku fiye da yadda take yi a jikin farare. Binciken da aka yi a kan yara daga baya ya samu irin wannan bambanci. Saboda haka lambar da ta fito da kyau a yatsan yaronmu ba hujja ba ce ta a yi watsi da abin da uwa take gani da idonta.

Manyan gwaje-gwajen da ake ta ambato

Raunin binciken 1998 shi ne iyaye ne suka zaɓa wa 'ya'yansu. Mai yiwuwa iyayen da suka kai 'ya'yansu tiyata su ne kuma suka fi sa ido a kan karatunsu. Hanyar da masu bincike suke kauce wa wannan ita ce ƙuri'a: a tara yara masu larura iri ɗaya, da yardar iyayensu, kwamfuta ta raba su gida biyu ba tare da zaɓin kowa ba, a yi wa gida ɗaya aiki nan take, ɗayan kuma a jira ana sa masa ido, sannan a kwatanta.

Gwaji mafi shahara shi ne wanda ake kira CHAT, wanda Likita Carole Marcus da Likita Susan Redline da abokan aikinsu suka buga a 2013. Yara 464 ne 'yan shekara 5 zuwa 9 a Amurka, aka bi su tsawon wata 7. Babbar tambayar ita ce ko tiyata za ta inganta natsuwa da iya tsara tunani kamar yadda masana suke aunawa da jarrabawa ta musamman. Amsar ita ce ba a ga bambanci mai ƙarfi ba tsakanin rukunan biyu. Daga nan ne maganar «aikin ba shi da amfani» ta samo asali. To amma a cikin rahoton nan ɗaya, gwajin barci ya koma daidai ga kashi 79 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin, a kan kashi 46 na waɗanda suka jira. Halayyar yaran da aka yi wa tiyata ta gyaru a idon iyaye da malamai, alamomin ciwon sun ragu, jin daɗin rayuwarsu ya ƙaru.

Wannan kashi 46 ya cancanci a tsaya a kansa. Kusan rabin yaran da ba a taɓa ba sun warware da kansu cikin wata 7, kuma yawancinsu masu larura mai sauƙi ne. Wannan gaskiya ce da take goyon bayan masu cewa kada a yi gaggawa. Amma fiye da rabi ba su warware ba. Haka kuma rahoton ya nuna cewa yara baƙaƙen fata, da masu ƙiba, da waɗanda larurarsu ta fi tsanani tun farko, su ne suka fi ƙarancin komawa daidai, ko an yi aikin ko an jira. Sannan tun wajen zaɓen yaran an ware waɗanda oksijin ɗinsu yake faɗuwa sosai da dare, domin ba zai halatta a bar irinsu suna jira ba. Duk wanda ya ɗauki sakamakon CHAT ya ɗora shi a kan yaron da yake shiɗewa cikin dare, ya ɗora shi a inda masu binciken ba su ɗora ba.

A Ostireliya an yi irin wannan gwaji a kan ƙananan yara 'yan shekara 3 zuwa 5, aka buga a 2020, shi ma bai ga ƙarin kaifin basira ba bayan shekara guda, duk da cewa barcin yaran ya gyaru. A 2023 kuma aka fitar da gwajin PATS a Amurka, a kan yara kusan 460 'yan shekara 3 zuwa 12 waɗanda suke minshari amma numfashinsu bai cika tsayawa ba. Bayan wata 12, jarrabawar natsuwa ba ta nuna bambanci ba, amma halayya da yawan jin barci da rana da hawan jini sun fi kyau ga waɗanda aka yi wa aikin. Larurar ta ƙaru ga kashi 13 cikin 100 na masu jira, a kan kusan kashi 1 na waɗanda aka yi wa tiyata.

Gwajin da na fi so iyayenmu su sani shi ne na birnin Melbon na Ostireliya, shi ma na 2023. An raba yara 276 masu alamomin matsalar numfashi a barci, rabi aka ba su feshin hanci mai maganin rage kumburi, rabi kuma feshin ruwan gishiri kawai, tsawon mako 6. Alamomin sun kau ga kashi 44 cikin 100 na rukunin farko, da kashi 41 na rukunin ruwan gishiri. Ma'ana, yara 2 cikin 5 sun samu sauƙi da abin da ake samu a kowane kantin magani da kuɗi kaɗan. Ga iyalin da kuɗin tiyata yake yi wa nauyi, kuma larurar yaronsu mai sauƙi ce, wannan mataki ne da ya dace a tattauna da likita kafin a kai ga ɗakin tiyata. Akwai kuma ƙwayar montelukast da wasu likitoci suke rubutawa, wadda ƙananan gwaje-gwaje suka nuna tana taimakawa a larura mai sauƙi, sai dai a 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa mata gargaɗi mafi girma saboda tana iya jawo mugayen mafarkai da sauyin hali da damuwa. Ba magani ba ne da za a karɓa daga hannun maƙwabciya.

A fahimtata, abin da waɗannan gwaje-gwaje suka haɗu a kai shi ne: tiyata tana gyara numfashi da barci da halayya, amma ba a yi wa iyaye alkawarin cewa za ta ƙara wa yaro basira ba, jira kuma yana halatta ga larura mai sauƙi, da sharaɗin ya zama jira ne mai ranar komawa asibiti.

Ina alaƙarsa da asma da ciwon ƙirji?

Hanci da maƙogwaro da huhu hanya ɗaya ce, kumburin da ya kama sama yakan taɓa ƙasa. Tun a 1999 wani bincike a birnin Kilibland na Amurka ya nuna cewa yaran da ƙirjinsu yake yawan yin fito, da masu matsalar kogon hanci, da masu ƙiba, da baƙaƙen fata, sun fi fuskantar matsalar numfashi a barci. Wannan yana da muhimmanci a ƙasar da asma ta yi yawa. Binciken Farfesa Al-Frayh da abokan aikinsa ya nuna asmar yaran makaranta a Saudiyya ta tashi daga kashi 8 cikin 100 a 1986 zuwa kashi 23 a 1995, kuma duk mai zama a nan ya san yadda ɗakunan gaggawa suke cika da yara masu neman bukhar, wato maganin da ake shaƙa ta na'urar tururi, idan guguwar ƙura ta taso.

A 2014 aka buga nazarin bayanan inshora na yara 13,506 masu asma waɗanda aka cire wa lauz da lahmiyya a Amurka, aka kwatanta su da ninkinsu biyu waɗanda ba a yi wa ba. A shekarar da ta biyo bayan aikin, tashin asma mai tsanani ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100, kwanciya asibiti saboda asma kuma da kusan kashi 36. Ba gwajin ƙuri'a ba ne, don haka ba a cewa a yi tiyata domin maganin asma. Abin da yake koyarwa shi ne yaron da asmarsa ta ƙi lafawa duk da yana amfani da maganin shaƙa yadda aka tsara, a tambaya yaya barcinsa yake.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, ciwon ƙirji na jarirai yana iya zama share fage. Wani bincike da ya bi yara fiye da 3,000 a Boston, wanda aka buga a 2021, ya samu cewa waɗanda suka yi ciwon huhu ko na ƙananan hanyoyin iska kafin su cika shekara 2 sun fi kamuwa da ɗaukewar numfashi a barci daga baya, kuma haɗarin ya kai kusan ninki biyu ga waɗanda ƙwayar cutar RSV ta kama. RSV ita ce kan gaba wajen kwantar da jarirai a asibiti lokacin sanyi. Masu binciken suna zargin cewa ƙwayar cutar tana sauya yadda lauz da lahmiyya suke girma, ko kuma dai yaran tun asali hanyar iskarsu mai rauni ce, shi ya sa abubuwan biyu suka same su.

Maganar karya garkuwar jiki kuwa ta fi dogara ne a kan wani nazari na ƙasar Danmak da aka buga a 2018, wanda ya duba bayanan mutane kusan miliyan 1.2 da aka haifa tsakanin 1979 da 1999. Ya samu cewa waɗanda aka cire wa lauz ko lahmiyya suna yara sun fi yawan cututtukan hanci da maƙogwaro daga baya, ninki 2 zuwa 3. Adadin yana da girma, amma likitoci da dama sun yi masa suka mai ma'ana: yaron da aka yi wa tiyata tun farko mai yawan ciwon maƙogwaro ne, don haka ba abin mamaki ba ne ya girma yana yawan ciwon. Nazarin ya isa hujjar kada a cire lauz ba tare da dalili ba. Bai isa hujjar a hana yaron da numfashinsa yake tsayawa aikin da yake buƙata ba.

Masu sikila da sauran yaran da ba a yi musu jinkiri

Sikila ta yawaita a cikinmu, kamar yadda ta yawaita a Ƙaɗif da Ahsa da Jazan, har ta sa Saudiyya ta wajabta gwajin jini kafin aure tun 2004. Ƙarancin oksijin shi ne yake lanƙwasa ƙwayoyin jinin mai sikila, don haka daren da numfashi yake tsayawa dare ne mai haɗari a gare shi fiye da kowa. Wani bincike da aka buga a 2014 a kan yara 243 masu sikila a Amurka da Ingila ya samu kashi 41 cikin 100 suna da ɗaukewar numfashi a barci bisa ma'aunin yara, kashi 10 kuma sun kai matakin 5 a awa ko fiye. Kafin nan, a 2001, Farfesa Fenella Kirkham da abokan aikinta a Landan sun nuna cewa masu sikilar da oksijin ɗinsu yake ƙasa da dare sun fi fuskantar shanyewar ɓarin jiki da makamantanta. Uwar mai sikila da ta ji ɗanta yana minshari kada ta jira ranar asibiti ta gaba ta zo da kanta, ta gaya wa likitan jini da wuri. Idan kuma za a yi aikin, sai a asibitin da yake da likitan jini, domin sau da yawa ana buƙatar ƙarin ruwa ko ƙarin jini kafin tiyata don kauce wa ciwon ƙirjin da ke biyo baya.

Haka ma yaran da ke da larurar Down (wadda ake haihuwar yaro da ita, take jawo jinkirin girma da koyo), waɗanda fiye da rabinsu suke da wannan matsala, har ana ba da shawarar a yi musu gwajin barci kafin su wuce shekara 4 ko da iyaye ba su lura da komai ba. Bakwaini, da masu ƙaramin muƙamuƙi, da masu raunin jijiyoyi, su ma suna cikin wannan rukuni.

Haɗarin aikin, da batun kodin da cire beli

Tiyatar lauz tana cikin ayyukan da aka fi yi wa yara a duniya, amma aiki ne da ake sa yaro barci, kuma yana da haɗarinsa. Zafin maƙogwaro yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Kaɗan daga cikin yara sukan yi zubar jini, sau da yawa tsakanin kwana 5 zuwa 10 bayan aikin, kuma ko jinin kaɗan ne a baki, ɗakin gaggawa ake nufa nan take. Yaron da bai kai shekara 3 ba, ko mai larura mai tsanani, ya kamata ya kwana a asibiti bayan aikin.

Game da maganin zafi, a 2013 hukumar magunguna ta Amurka ta hana ba yara kodin bayan aikin lauz, bayan mutuwar wasu yara. Hanta tana juya kodin ya zama mofin, kuma akwai mutanen da halittarsu take yin wannan juyi da sauri ƙwarai, har mofin ɗin ya taru ya danne numfashi. Irin wannan halitta ta fi yawa a wannan yanki: an same ta ga kusan kashi 21 cikin 100 na 'yan Saudiyya da aka gwada, da kashi 29 na 'yan Habasha. A 2017 hanin ya haɗa da taramadol. Farasitamol da ibufurofen su ne ake amfani da su, bisa awon da likita ya rubuta. Duk maganin tari ko na sa barci da ba likita ya ba da shi ba, a nisanta shi daga yaro mai minshari.

Sai batun beli. Har yanzu akwai gidajen da idan yaro yana yawan ciwon wuya ko minshari sai a ce belinsa ne ya sauko, a nemi wanzami, ko a bari sai an je gida hutu a cire. Beli ba shi ne yake toshe hanyar iskar yaro ba, kuma cire shi ba ya rage girman lauz ko lahmiyya ko kaɗan. Abin da yake jawowa shi ne zubar jini, da shigar ƙwayoyin cuta har da tetanus, da jinkirta zuwa wurin likitan da zai ga ainihin matsalar.

Abin da ke hannun iyali

Ma'aikacin kamfani mai zaman kansa wanda igamarsa, wato takardar izinin zama, take daidai, doka ta ɗora wa mai aikinsa yi masa inshorar lafiya shi da iyalinsa, kuma yana da kyau ya tambaya tun da wuri ko inshorar ta ƙunshi gwajin barci da tiyata, domin akan buƙaci amincewar kamfanin kafin a yi. Ga 'yan'uwanmu da takardunsu suke da matsala, waɗanda ƙaramin asibitin kuɗi na unguwa ne iyakar inda suke iya zuwa, bidiyon waya da duban likita da gwada feshin hanci na wasu makonni abubuwa ne da ba su fi ƙarfinsu ba. Idan kuma aka ga yaro yana shiɗewa, ko leɓensa yana canza launi, ko ya daina girma, to wannan lalura ce da ta cancanci dangi da 'yan unguwa su haɗa hannu a kanta kamar yadda ake haɗawa a kan kowace babbar rashin lafiya.

A cikin gida, hayaƙin sigari da shisha yana ƙara minshari da asma. Turaren wuta abu ne da muke ƙauna, ba na kuma cewa a daina shi, amma ɗakunanmu a nan a rufe suke saboda na'urar sanyi, hayaƙin ba ya samun mafita, don haka kada a turara ɗakin da yara suke kwana, kuma a buɗe taga bayan an turara sauran. A riƙa wanke matatar na'urar sanyaya ɗaki. Al'adar raba dare, musamman a lokacin hutu da watan azumi, tana ƙara wa yaron da barcinsa yake a katse gajiya a kan gajiya, alhali ɗan firamare yana buƙatar awa 9 zuwa 12. Ƙiba kuma ta zama babbar sila a yaran da suka haura shekara 8, kuma ita ce take yawan sa aikin ya gaza.

Shi ya sa bayan tiyata ba a rufe littafi. Wani nazari na 2010 a kan yara 578 daga cibiyoyi da dama ya samu cewa duk da yawancinsu sun samu sauƙi sosai, kashi 27 cikin 100 ne kawai gwajinsu ya koma daidai gaba ɗaya, kuma waɗanda larurar ta fi saura a jikinsu su ne masu ƙiba, da waɗanda suka haura shekara 7, da masu asma. Ana komawa wurin likita bayan mako 6 zuwa 8. Idan minsharin bai tafi ba, ko yaron yana cikin rukunin masu haɗari, akan maimaita gwajin barci, daga nan a duba ko feshin hanci zai wadatar, ko a tura shi wurin likitan haƙori mai faɗaɗa muƙamuƙin sama, ko a haɗa shi da na'urar CPAP wadda take hura iska a hankali ta hanci domin hanyar ta zauna a buɗe har gari ya waye.